Kabewar gida: mu riƙe irinmu na gado, mu ƙidaya amfaninsa

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, na ƙasar Kona da sauran garuruwan Tasawa da Mayahi, yau zancenmu a kan kabewa yake. A lura da rubutun da kyau: kabewa muke nufi, wadda ake miyar taushe da ita. Kuɓewa mai yauƙi dabam take, kuma za mu yi nata zancen wata rana.

Idan kaka ta yi, maigida ya san damin hatsi nawa ya shiga rumbunsa. Ya san tiya nawa ta wake ya samu, ya san buhu nawa na gyaɗa. Amma ka tambaye shi kabewa nawa aka tsinka a bayan ɗakinsa bana, sai ya yi dariya ya ce wannan sha'anin mata ne. Ita ma uwargida sau da yawa ba ta ƙidaya ba. An shuka, ta yi yaɗo a kan danga, an ci abin da awaki suka bari, shi ke nan. Daga nan ne maganar da muke ji ta fito, wai kabewar gargajiya ba ta da yawan haihuwa, gara a sayi irin kanti mai hoto a jikin takarda. Ni ban yarda da wannan magana ba. A ganina irinmu na gado bai gaza ba. Kulawa ce bai samu ba, kuma muna auna amfaninsa da ma'aunin da bai dace da shi ba.

Mene ne irin gado?

Asalin kabewa ba daga ƙasarmu yake ba. Masana sun tabbatar cewa mutanen nahiyar Amurka, wajen ƙasar Meksiko da kudancinta, su ne suka fara noma ta, shekaru dubbai da suka wuce. Ta ƙetaro teku bayan shekarar 1492, kamar yadda masara, rogo, gyaɗa da barkono suka ƙetaro. Duma kuwa, wanda muke fafe ƙwarya da ludayi da shi, ɗan Afirka ne tun fil'azal. To, idan kabewa baƙuwa ce, me ya sa muke kiran ta irin gado? Saboda ta daɗe a hannunmu. Shekara bayan shekara kakanninmu mata suna ajiye ƙwayar wadda ta rayu a cikin rairayin jigawa, ta jure zafin rana, ta nuna kafin ruwa ya ɗauke. Wadda ba ta iya ba ta mutu, irinta ya ɓace. Wadda ta iso gare mu ita ce ta ci wannan jarrabawa sau ɗari da wani abu. A ƙasa irin tamu, inda ruwan sama a yawancin shekaru bai cika wuce milimita 500 ba, kuma yake sauka a cikin wata uku ko huɗu kaɗai, wannan ba ƙaramin gado ba ne.

Kada wani ya raina irin da talakawa suka zaɓa da hannunsu. Albasar Galmi, wadda ake nema a kasuwannin Abijan da Akara, manoman ƙasar Tawa ne suka gyara irinta a hankali. Darajarta ta kai har wani kamfanin sayar da iri ya nemi a rubuta ta da sunansa a shekarun 2000, manoman Nijar da hukumominsu suka tashi suka ce ba su yarda ba. Abin da ke cikin tsumma a ƙarƙashin gadon tsohuwa yana iya zama dukiya.

Yaya ake auna amfanin kabewa?

Mai noma don kasuwa yana son dukan gonarsa ta nuna a mako guda, girma ɗaya, launi ɗaya, ya loda a mota. Irin kanti da yawa don shi aka yi su. Uwargida kuwa buƙatarta dabam ce. Ita tana son abin da za ta sa a tukunya wannan mako, da mako mai zuwa, har tsakiyar rani. Saboda haka tambayar da ta dace da lambun gida ita ce: wata nawa kabewar nan ta ciyar da gidan?

Bari mu yi lissafi tare, don misali. A ce an haƙa rami 4 a cikin gida, an bar tushe 2 a kowane rami. Tushe 8 ke nan. Tushen kabewa mai lafiya yakan riƙe ƴaƴa 2 zuwa 5. Mu ɗauki 3. Idan aka buga 8 sau 3, an sami kabewa 24. Gidan da ke fasa ɗaya kowane mako ya sami ta mako 24, wato kusan wata 6. Idan kowace ta kai kilo 3, kilo 72 ne aka ɗauka daga wurin da a da ba ya ba da komi sai ciyawa da tsummoki. Ba a sayi iri ba, ba a sayi takin zamani ba. Kuma ba mu sa ganye a lissafin ba, alhali ɗanyen ganyenta mai taushi ana miya da shi tun tana yaɗo. Ba mu sa ƙwayar cikinta ba, wadda ke da mai da abin gina jiki, ana soya ta a ci ko a daka a zuba a miya.

Girma kaɗai ba abin nema ba ne. A ƙasashen Turawa ana gasar noman ƙatuwar kabewa. A shekarar 2023 wani mutum a Amurka ya kai wadda ta wuce kilo 1,200 wurin awo. Abin kallo ce, amma cikinta ruwa ne, ba mai marmarin miyarta. Ko a nan gida, kabewar da ta cika girma wahala ce ga ƙaramin iyali, domin da zarar an sa mata wuƙa, kwana kaɗan take yi ta lalace. Shi ya sa a kasuwa ake yanka manya ana sayarwa tsagi-tsagi. Ga gida, matsakaiciya mai kaurin nama da taurin ɓawo ta fi.

Abin da take yi wa lafiyar yara

Nan ne zancen ya fi nauyi. Jihar Maraɗi rumbun ƙasa ce, amma duk mai shekaru ya tuna 2005, lokacin da gidajen jinyar yara masu tamowa suka cika a wannan jiha tamu. Ciwon rashin abinci mai kyau bai tsaya ga rashin hatsi ba. Yaro yana iya cika ciki da fura da tuwo kullum, jikinsa kuma ya rasa wasu abubuwan da yake buƙata. Ɗaya daga cikinsu shi ne bitamin A. Rashinsa ke kawo dundumi, wato yaro ko mace mai ciki su kasa gani idan magariba ta yi. Idan abin ya yi tsanani ido yana bushewa har ya makance. Kuma yaron da ya rasa shi, ƙyanda da zawo sun fi kayar da shi.

Tun 1997 Nijar ta haɗa rabon ƙwayar bitamin A da zagayen allurar shan inna, kuma ana ba yara masu wata 6 zuwa shekara 5 wannan ƙwaya sau biyu a shekara. Kowace uwa ta kai ɗanta a ba shi. Kabewa ba ta maye gurbin wannan ƙwaya. Amma tsakanin rabo da rabo akwai wata shida, kuma a cikin watannin nan tukunyar gida ce likita.

Ku dubi yadda shekara take tafiya. Da damana akwai ɗanyen ganye ko'ina: yakuwa, rama, tafasa, zogale. Mangwaro kuma sai zafi ya shigo, wajen watan 3 zuwa watan 5. Tsakanin ƙarshen kaka da fitowar mangwaro, gidan da ba shi da rijiyar lambu ba ya ganin ɗanyen abu sai ya saya. Kabewa kuwa tana iya zama a ɗaki ɗanya wata uku, huɗu, wani lokaci fiye, ba tare da gishiri ko sanyin inji ba. Ita ce ke cike wannan giɓi.

Amma ba kowace kabewa ce take da wannan amfani daidai ba. Wadda cikinta ya yi ja sosai, ruwan goro, ita ce mai yawan abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Mai farin ciki ko mai ɗan fatsi-fatsi tana da kaɗan. Sannan wannan abu ba ya shiga jiki da kyau sai da maiƙo. Ashe iyayenmu da suka haɗa kabewa da dakakkiyar gyaɗa a miyar taushe sun yi daidai, ko da ba su san sunan bitamin ba. Ga jariri, nonon uwa kaɗai har wata 6. Bayan haka a dafa kabewa ta yi laushi, a murje ta, a dama a kunu tare da ɗan tunkuza ko cokali ɗaya na man gyaɗa. A sani kuma cewa yawancin nauyin kabewa ruwa ne. Ita kaɗai ba ta ƙosar da yaro. Abokiyar hatsi da wake ce.

Gargaɗi ɗaya: idan aka ɗanɗana kabewa aka ji ta da ɗaci mai ƙarfi, a zubar. Dahuwa ba ta kashe wannan ɗaci, kuma yana sa amai da zawo. Kada a ajiye irinta.

Me ya sa wasu ba sa samun ƴaƴa da yawa?

Masu kuka da irin gado suna da hujja guda ta gaskiya: akwai gidajen da yaɗo ke rufe danga duka, a ƙarshe a tsinki kabewa ɗaya ko biyu. Haka ne. Amma mu binciki dalili.

Na farko yunwa ce. Kowa ya taɓa ganin kabewar da ta tsiro da kanta a kan juji, ta fi wadda aka shuka kyau. Ita da kanta ta gaya mana abin da take so. A haƙa rami mai faɗin kamu biyu, zurfi kamu ɗaya da rabi, tun da bazara. A cika shi da ruɓaɓɓen taki na awaki ko na shanu, a cakuɗa da ƙasa da ɗan toka. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A bar bakin ramin ya ɗan faɗa, yadda zai tara ruwan sama, kamar tassa da manoman ƙasar Adar suke yi. Tsakanin rami da rami a bar taki uku na babban mutum. Idan ruwa ya zauna, a sa ƙwaya 3 ko 4, zurfin gaɓar yatsa biyu. Bayan sun fito sun yi ganye huɗu, a cire raunana a bar biyu. Mutane suna jin tausayin cirewa. Tushe biyar a rami ɗaya kuwa faɗa suke yi a kan abinci, ba wanda ke ƙoshi.

Idan ruwa ya yi fashi lokacin da take fure, nan ne ake asara. Lambun gida ya fi gona a wannan wuri, domin ruwan alwala, ruwan wankin hatsi da na ɗaurayar kwanoni duk suna iya zuwa gindinta maimakon su bi rariya. A zuba a ƙasa, kada a jiƙa ganye. A nisanta ramin daga masai da makwararar ruwan wanka.

Dalili na biyu mutane da yawa ba su san shi ba. Tushen kabewa ɗaya yana da fure iri biyu, namiji da mace. Namiji yana kan dogon siririn kara. Macen tana da ɗan ƙulli a ƙarƙashinta, kamar ƙaramar kabewa. Mazan ne ke fara fitowa, su buɗe su faɗi, kuma wannan ba ciwo ba ne. Macen ba ta zama kabewa sai ƙudan zuma ya ɗauko garin da ke cikin namiji ya kai mata. Furen yana buɗewa da sassafe, kafin rana ta take ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. Idan zuma bai zo ba a wannan safiya, ƙullin ya yi rawaya ya faɗi. Wanda ya fesa maganin ƙwari da safe a kan furanni, ya kashe ma'aikatan da ke yi masa aiki kyauta, sannan ya koma yana zagin iri. Inda zuma ya yi ƙaranci, mutum yana iya yin aikin da hannunsa. Bayan sallar asuba, idan gari ya waye, a tsinko fure namiji, a cire ganyen furen, a goga tsinken tsakiya a hankali a cikin macen. Yaro mai hankali yana iya koyon wannan a rana ɗaya.

Na uku shi ne wani ƙaramin ƙuda mai huda ƴaƴan tun suna ƙanana ya zuba ƙwai a ciki. Wurin hudar yana yin tabo, ciki ya cika da tsutsa, ɗan ya ruɓe. Shi ne mai ɓata kankana da guna. Idan aka bar ruɓaɓɓen a ƙasa, tsutsar tana shiga rairayi ta fito sabon ƙuda. A tsince duk wanda ya kamu, a binne shi da zurfi, ko a ɗaure a leda a ajiye a rana. Tunda tushen gida kaɗan ne, ana iya rufe kowane ɗa da tsumma mai tsabta ko jakar takarda bayan furensa ya bushe, har ɓawonsa ya yi tauri. Ga ƙwarin da ke cin ganye, tsincewa da hannu, barbaɗa toka, da ruwan dakakkun ƴaƴan bedi da aka tace aka fesa da yamma sun isa. Piya-piya da sauran magungunan da ake sayarwa a kwalabe marasa takarda ba su da wuri a inda yara ke wasa, balle a kan abin da za su ci.

Masu cewa kabewa tana cin wuri, su ɗaga kai sama. Tana hawa danga, tana hawa rumfa, tana hawa jinkar ɗaki. Gindinta kaɗai ke ƙasa. Awaki kuwa, wanda ya iya kange tsiron mangwaro da ƙaya ya iya kange rami huɗu.

Inda muke ɓata irinmu da hannunmu

Akwai wata al'ada da nake ganin ita ce babbar ɓarna. Kabewar da ta fara nuna, mai kyau, mai nauyi, ita ake kaiwa kasuwa ko a ba baƙo. Sai a ƙarshen rani, idan an fasa ragowar da ba wanda ya so, a tuna da iri a kwashe nata. Makiyayin da ke sayar da kyawawan tumakinsa kowace shekara ya bar gurgu ya yi barbara, ya san abin da garkensa zai zama. Haka kabewa take.

A zaɓi uwar iri tun tana kan yaɗo. A dubi tushen da ya yi lafiya, ya riƙe ƴaƴa da yawa, ya nuna da wuri. A ɗaura wa ɗansa mafi kyau ƙyalle don kowa a gidan ya san ba na sayarwa ba ne. A bar shi ya nuna sarai, har karan da ke riƙe da shi ya bushe, farce kuma ya kasa huda ɓawon. Yawancin kabewa suna kai wannan matsayi cikin kwana 90 zuwa 120 daga shuka. Bayan an tsinka, a bar ta ta ƙara kamar mako uku kafin a fasa, ƙwayar tana ƙara cika a ciki. Ranar fasawa a duba launi, a ɗanɗana miyar. Idan cikin bai yi ja ba, ko daɗin bai kai ba, a ci ƙwayar, kada a ajiye ta. Kuma a haɗa iri daga kabewa uku ko huɗu na tushe dabam-dabam, ya fi a dogara ga guda.

Tunda zuma yana yawo gida-gida, kabewar maƙwabta tana iya gauraya da taku idan danginsu ɗaya. Shi ya sa wani lokaci a shuka doguwa a sami mai zagaye. Da duma, kankana ko guna kuwa ba ta gauraya. Matan unguwa ɗaya da suka yarda a kan iri mai jan ciki, suka raba wa juna shi, sun fi kowa samun sauƙin riƙe shi.

Ba ina cewa duk sabon iri abin gudu ba ne. Hatsin HKP na cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda ke da reshe a Tarna kusa da Maraɗi, ya taimaki manoma da yawa saboda saurin nunarsa. Hatsin Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe, wanda aka fitar a Nijar a 2018, shi ma alheri ne. Mai son gwada sabuwar kabewa ya gwada, a rami ɗaya, a gefen tasa. Sai dai ya karanta takardar. Idan ya ga an rubuta F1, wannan haɗaɗɗen iri ne. Shekarar farko yana iya yin kyau, amma ƙwayar da aka cire daga cikinsa ba ta maimaita uwarta, dole a koma kanti kowace shekara. Kuma ya rubuta a littafinsa: ranar shuka, yawan ƴaƴan kowane tushe, da watan da ta ƙarshe ta lalace a ɗaki. Bayan damana biyu littafin zai raba gardama.

Ajiya

A tsinka da wuƙa, a bar guntun kara kamar tsawon yatsa a jikinta. Wadda karanta ya ɓalle, ta nan ruɓa ke shiga, ita za a fara ci, tare da duk mai rauni ko tabo. Kada a ɗauke ta ta karan, kada a jefa ta. A bar su kamar kwana 10 a wuri mai iska da ɗumi don ɓawon ya ƙara tauri, sannan a jera su a inuwa a kan karare ko katako, kada su taɓa ƙasa, kada su taɓa juna. A riƙa dubawa kowane mako. Idan sun fi ƙarfin ci, a yanka sirara a shanya a inuwa mai iska a kan tabarma mai tsabta. Rana mai zafi tana rage jan launin, tare da shi kuma amfanin.

Ƙwayar iri kuwa a wanke ta, a zubar da shafaffu marasa ciki, a shanya a inuwa har ta riƙa karyewa idan an lanƙwasa. A zuba ta a kwalba ko gora tare da busasshiyar toka, a toshe baki da kyau, a rubuta sunan irin da shekara a jiki, a ajiye nesa da murhu. Idan watan 5 ya kama, a ɗebi ƙwaya 10 a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda a buɗe a ƙidaya. Idan 8 ko fiye sun tsiro, irin yana da rai. Idan ba su kai 5 ba, akwai sauran lokaci a nemi wani wurin maƙwabciya kafin ruwan shuka ya sauka.